Abin da jirgin Corsair KD431 ya koya mini game da gyara

A karatun adana kayan tarihi da nake yi, babu misalin da ya zauna mini a rai kamar jirgin saman yaƙi samfurin Corsair mai lamba KD431, wanda ke ajiye a gidan tarihin jiragen saman rundunar sojin ruwan Birtaniya da ke Yeovilton a Ingila.

Kamfanin Goodyear ne ya ƙera shi a Akron, jihar Ohayo ta Amurka, a 1944, aka miƙa wa Birtaniya a ƙarƙashin yarjejeniyar aron makamai. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin ire-irensa a teku aka zubar da su, don Amurka ba ta buƙatarsu, Birtaniya kuma ba ta son biyan kuɗinsu. Shi wannan ya tsira ne saboda an kai shi kwalejin fasahar jiragen sama ta Cranfield a 1946, ɗalibai suna koyon aiki a jikinsa. A 1963 aka kai shi Yeovilton, aka shafe shi da sabon fenti don ya yi kyan gani.

Wancan fentin ne ya fi jan hankalina. Masu shafa shi da kyakkyawar niyya suka yi, amma sun binne shaidar da babu ita a kowace takarda. A 2000 Dave Morris, mai kula da jiragen gidan tarihin, da abokan aikinsa suka fara ɓare shi da hannu, kaɗan-kaɗan, aikin da ya ci kusan shekara biyar. A ƙarƙashi sai ga shuɗin fentin masana'anta na 1944, da lambobin rundunonin da jirgin ya yi wa aiki, da ƙujewar da takalman makanikai suka bari. Har wani ɗan tabon fenti aka gano a kan fiffike, wanda ake sa wa don ya sauya launi idan an harba iskar guba.

Mu da muka taso muna ganin gyara shi ne a mayar da abu sabo fil, wannan ya sauya mini lissafi. Yanzu kafin in taɓa kowane abu, sai na tambayi hannun da ya bi, wa ya riƙe shi, me kowanne ya ƙara ko ya cire, sannan in ɗauki hoto in rubuta. Shekarun da KD431 ya yi a Cranfield, inda ba a damu da ƙawata shi ba, su suka adana fentinsa na asali.

Na san akwai masu son ganin jirgi yana walƙiya, ko ma yana shawagi. Amma kafin tsohon jirgi ya tashi sai an sauya masa sassa da yawa, ni kuwa na fi son a bar wannan da tabonsa.