Bin Sawun Masu Tsofaffin Kundayen Alkimiyya na Ingila

A ranakun 13 da 14 ga Yuli, 1936, gidan gwanjo na Sotheby's da ke Landan ya kasa takardun masanin kimiyya Isaac Newton kashi-kashi ya sayar, aka tashi da fam dubu tara da 'yan kai. A cikinsu akwai tulin abin da ya rubuta da hannunsa a kan alkimiyya, ilimin nan na neman mayar da dalma ko zaiba su zama zinariya. Kalmar daga Larabci ta fito, tushenta ɗaya da kimiyya, kuma wani Bature ɗan Ingila, Robert na Chester, shi ya fara fassara littafin wannan fanni daga Larabci zuwa Latin a 1144.

Salsalar takardun Newton a fili take, hannu bayan hannu. Ya rasu a 1727, suka koma wajen John Conduitt, mijin 'yar ƙanwarsa Catherine Barton. 'Yarsu ta yi aure a gidan sarautar Portsmouth, takardun suka bi ta. A 1872 gidan ya miƙa su ga Jami'ar Cambridge, jami'a ta ɗebi na lissafi da kimiyya, ta mayar musu da yawancin na alkimiyya da na addini, don a ganinta ba su da wani amfani. Waɗannan da aka mayar su ne suka fita gwanjo. Masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya sayi wasu a wurin, ya bi dillalai ya ƙara, har ya tara kusan rabin na alkimiyya, ya bar wa King's College ta Cambridge gado a 1946. Na addini galibi wani masani mai tara kundaye, Abraham Yahuda, ya kwasa, suna birnin Ƙudus yanzu. Ragowar ta watsu, wasu a Amurka, wasu a hannun mutanen da sai an ga takardar ta sake fitowa kasuwa ake sanin suna da ita.

Irin wannan salsala mai tsabta ba kasafai ake samunta ba. Yawancin kundayen alkimiyya sai an zauna da su an tambayi jikinsu, kuma kafin a fara dole a raba mutum uku a zuciya: wanda ya wallafa, wanda ya kwafa, da wanda ya mallaka. Yawan kurakuran da ake tafkawa daga haɗa waɗannan ukun suke fitowa. Masu sana'ar alkimiyya kwafe-kwafe ne aikinsu, kuma sun saba jingina rubutu ga babban suna don ya yi kwarjini. Akwai gajeriyar maƙala mai suna Clavis a cikin takardun Newton, da hannunsa aka rubuta ta, shi ya sa aka daɗe ana ɗauka shi ya wallafa. A 1987 masanin tarihi William Newman ya nuna ta wani ɗan alkimiyya George Starkey ce, daga wasiƙar da Starkey ya aika wa masanin kimiyya Robert Boyle a 1651. Newton kwafa kawai ya yi. Haka dogayen naɗaɗɗun zanen nan da ake kira da sunan George Ripley, malamin coci na Bridlington da ya rasu wajen 1490. Akwai su sama da ashirin a duniya, wasu tsawonsu ya kai mita biyar ko shida, amma babu hujjar cewa shi ya zana ko ɗaya.

Aikin yana farawa ne daga cikin bango da fararen warƙoƙin farko da na ƙarshe. Nan mai littafi ke rubuta sunansa, wani lokaci da ranar da ya saya da kuɗin da ya biya. A kwafe kowane suna, kowace lamba, kowane ɗan zane, ko da ba a gane ma'anarsa ba, a kuma lura da launin tawadar kowanne. John Dee, masanin lissafi da taurari wanda ɗakin karatunsa na Mortlake, kusa da Landan, ke cikin mafi girma a Ingila a zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, yakan bar alamomi a littattafansa, har da baƙin Girkanci mai kusurwa uku da yake sawa a madadin sunansa. Da ya bar ƙasar a 1583 aka yi wa ɗakin wawaso. Wani Nicholas Saunder, wanda littattafan da yawa suka faɗa hannunsa, ya riƙa kankare sunan Dee yana ɗora nasa. Sama da ɗari daga cikinsu suna Kwalejin Likitoci ta Landan a yau.

Sunan da aka kankare ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Tawadar wancan zamani haɗin gishirin ƙarfe ne da ƙullutun da ke fitowa a jikin itacen oak da ƙaro, tana cin jikin takarda ko fata ta bar saura. A ɗakin duhu, idan aka haska wurin da irin shuɗiyar fitilar da ake gane jabun kuɗi da ita, takardar takan yi haske, sawun tawadar ya fito baƙi-baƙi. Fitila ta gari ma, idan aka kwantar da haskenta ta gefe, takan nuna ramin da bakin alƙalami ya bari. Abin da ba a yi shi ne shafa wani ruwan magani. Masana ƙarni na 19 sun yi haka, rubutun ya fito na ɗan lokaci, daga baya wurin ya rine ya zama tabon da ba mai iya karanta komai a ƙarƙashinsa. Abin takaici ne a buɗe kundi a tarar da wannan tabo daidai inda sunan mai shi yake.

Babban tarko yana wajen ɗaurin littafi. Kundayen da mai tara kayan tarihi Elias Ashmole ya tara, waɗanda aka mayar ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford a 1860, da na likita Hans Sloane, waɗanda gwamnati ta saya bayan rasuwarsa a 1753, da yawansu 'yan ƙananan littattafai ne daban-daban aka ɗinke a bango ɗaya. Sunan da ke warƙar farko na iya zama na mai warƙoƙi ashirin na farko kaɗai. Don haka sai an ƙirga ɗaurin warƙoƙi ɗaya bayan ɗaya, a nemo zaren ɗinki a tsakiyar kowanne. Inda shafi ya yi dauɗa da duhu a tsakiyar littafi alhali na kusa da shi fes suke, wannan shafin ya taɓa zama bayan wani littafi mai zaman kansa. Tsofaffin lambobin shafi da suka koma ɗaya a tsakiya su ma shaida ne. Maɗauran littattafai sun yi ɓarna ba kaɗan ba: sukan yar da fararen warƙoƙi, su datse gefuna don su daidaita, sai ka ga rabin suna ya rage a saman shafi.

Takarda kuma tana faɗin shekarunta. A ɗaga warƙa a sa haske a bayanta, za a ga layuka na tsaye, tazararsu wajen santimita biyu zuwa uku, da tambarin masana'anta, tulu ko hannu ko kambi. Yawancin takardar da Ingila ta yi amfani da ita kafin ƙarshen ƙarni na 17 daga Faransa da Italiya ake kawo ta. A auna tambarin da milimita, a auna tazarar layukan, a gwada da takardu masu kwanan wata. Kama da wane ba ta wane: tambarin tulu iri-iri ne, sai wanda ya fito daga rariyar yin takarda ɗaya ne ke zama hujja. Shi ma kwanan watan a yi hattara da shi, domin har zuwa 1752 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa. Wanda ya rubuta 10 ga Fabrairu, 1651, a lissafinmu 1652 yake nufi.

Idan aka zo giɓi a salsala, a bar shi giɓi, kada a cike da zato, don hanyar da takardu ke bi ba ta ƙiyastuwa. Wasu takardun Dee, na ganawar da ya ce yana yi da mala'iku, sun yi shekaru a ɓoyayyen aljihun wani akwatin katako. Wani mai sayar da kayan zaƙi a Landan ya sayi akwatin, shi da matarsa suka ji abu yana motsi a ciki, suka buɗe. Kafin su san darajar abin, 'yar aikinsu ta shimfiɗa kusan rabinsu a ƙarƙashin abincin da take gasawa. Akwatin ya ƙone a gobarar Landan ta 1666, takardun suka tsira. A 1672 mijin matar na biyu, Thomas Wale, ya ba Ashmole su, ya karɓi littafi ɗaya a madadinsu. Ashmole ya rubuta wannan labari da hannunsa ya haɗa da kundin, wanda ke British Library yanzu da lamba Sloane 3188.