Hanyar Kailahun

Duk wanda ya sauka a filin jirgin saman Lungi bai iso Freetown ba tukuna, da sauran ruwa a gabansa. Sai ya shiga jirgin ruwa ya ƙetare bakin kogin Saliyo, inda yake zuba cikin teku. A Lungin nan ne, ranar 18 ga Janairun 2002, Shugaban Saliyo na lokacin, Ahmad Tejan Kabbah, ya shelanta cewa yaƙin basasar ƙasar ya ƙare, aka tara bindigogi aka cinna musu wuta. An kusa shekara 11 ana zubar da jini, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum wajen 50,000 suka hallaka. Tambayar da ta taso da ni ita ce abin da ya biyo baya. Wanda ya ƙone maka gida ya dawo gari, gonarsa na jikin taka, rijiyarku ɗaya. Me za ku ce wa juna?

A Freetown ban daɗe ba. Na je na ga inda tsohon rimin nan yake a tsakiyar birni, wanda guguwa ta kayar a watan Mayun 2023, sai guntun gindinsa ya rage. Daga nan na wuce unguwar New England, harabar Kotun Musamman ta Saliyo da aka kafa don hukunta manyan masu laifin yaƙin, inda yanzu aka yi gidan tarihin zaman lafiya. Kotun nan mutum 13 ta tuhuma, ta ɗaure 9, ciki har da Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya, da aka yanke wa shekara 50 a 2012. Mayaƙan da suka ajiye makamai kuwa sun haura 70,000, kuma yarjejeniyar sulhu ta Lome ta 1999 ta riga ta yi musu afuwa. Ko ɗan firamare zai iya wannan lissafi. Kusan duk wanda ya riƙe adda ko bindiga gida ya koma, aka ce wa maƙwabtansa su yi haƙuri. An kafa Hukumar Gaskiya da Sasantawa ƙarƙashin Bishop Joseph Humper, ta karɓi bayanan mutum sama da 7,000, ta miƙa rahoto a 2004, amma zamanta na sauraron jama'a a manyan garuruwa aka yi shi. Matar da ke ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, wa ya ji nata?

Da asuba muka kama hanya. Direban da na ɗauka dattijo ne mai yawan shiru, sai da muka wuce Waterloo da Masiaka ya tambaye ni abin da zan je yi Kailahun, gundumar da ke can gabashin ƙasar. Da na faɗa masa, ya yi wata 'yar dariya. Yana Freetown ranar 6 ga Janairun 1999, lokacin da 'yan tawaye suka kutsa birnin kafin dakarun ECOMOG na ƙasashen Afirka ta Yamma su fatattake su, kuma iyakar abin da ya ce a kan ranar ke nan. "Ɗan'uwa," in ji shi, "mu an ce mu yafe mu manta, mun yafe. Me ya kawo tone-tone?" Na so in yi masa gardama, sai na ga ba ni da hurumi. Mutane da yawa a ƙasar nan haka suka zaɓa, suna ganin yawan ambaton masifa kiranta ne, kuma shirun nan shi ya bar su suka ci gaba da ciniki a kasuwa ɗaya.

Bo muka ci shinkafa da miyar ganyen rogo mai manja, muka wuce Kenema, kimanin kilomita 300 daga Freetown, inda ofisoshin masu sayen lu'u-lu'u ke jere da hoton dutsen a bango. Bayan Segbwema muka ƙetare kogin Moa a Daru, gefen barikin soja. Daga nan ƙasar ta koma ta koko da kofi da kwakwar manja, kore shar ko da rani. A Pendembu na sallami direba na hau acaba, domin hanyar da ta rage jar ƙasa ce mai kwazazzabai. Can gaba kaɗan, kusa da iyakar Laberiya, Bomaru take, inda 'yan tawayen RUF na Foday Sankoh suka yi harbin farko ranar 23 ga Maris 1991. A garin kuma, ranar 23 ga Maris 2008, aka hura wutar farko ta Fambul Tok.

Fambul Tok da harshen Krio zancen dangi ke nan. John Caulker, wani mai fafutukar kare haƙƙin ɗan'adam, shi ya assasa ƙungiyar tare da wata Ba'amurkiya, Libby Hoffman. Wani malamin firamare da ya sauke ni, shi ne kuma ya yi mini tafinta daga harshen Mende, ya zayyana mini yadda abin ya gudana a yankinsu. Wata da watanni aka yi ana shiri. Aka zaɓi kwamiti, da liman da fasto da shugabar mata da wakilin samari, suna bi gida-gida suna tambayar wa ke son magana, wa kuma ba ya so. Ranar da aka sa, ƙauyukan yankin suka hallara da dare, aka hura wuta babba a fili, aka yi kiɗa da rawa har jiki ya saki. Sannan aka yi tsit. Mai magana ya fito tsakiya ya faɗi abin da aka yi masa, in wanda ya yi yana wurin ya kira sunansa. Shi kuma ya fito ya faɗi nasa. Ba alƙali, ba ɗan sanda, ba wanda za a ɗaure, ba wanda za a biya ko sisi. Da gari ya waye aka yi bikin tsarkake ƙasa bisa al'adarsu, aka ci abinci tare.

Malamin ya kai ni wurin wata tsohuwa da ta yi magana a daren. Mun same ta a inuwar mangwaro tana tsince shinkafa a faranti. Na gaishe ta, na ce, "Iya, in babu takura." Ta ce in zauna.

Mijinta aka kashe a dajin da suka ɓuya, kuma wanda ya nuna wa mayaƙa hanyar maɓoyar ɗan maƙwabciyarta ne, yaron da ta sha goyawa. Kowa a garin ya sani. Bayan yaƙi yaron ya dawo da gemunsa, ya yi aure, ya kama noma. Shekara da shekaru in sun haɗu a hanyar rafi sai ɗaya ya ratse cikin ciyawa. Abin da ya fi ci mata rai, in ji ta, shi ne yadda garin duka ya daina ambaton sunan mijinta, don kada a tayar da zance. Mutum ya rayu, ya haifi 'ya'ya, ya dasa koko, amma ka ce ba a taɓa yin sa ba. "Ɗana," ta ce, "a bakin wutar nan na kira sunan mijina da ƙarfi, kowa ya ji." Ta faɗi yadda suka gudu, da abin da yake sanye da shi, da inda ta same shi. Ta ce tun tana faɗa muryarta na rawa har ta daidaita, ba wanda ya katse ta.

Sai yaron shi ma ya fito. A nan ta ji abin da ba ta taɓa sani ba: an kama shi ne a hanyar gona yana ɗan yaro, aka ɗora masa bindiga a ƙeya aka ce ya yi gaba. Bai ce wannan ya wanke shi ba. Ya kwanta a ƙasa ya riƙe ƙafarta, ita kuma bayan wani lokaci ta sunkuya ta dafa kafaɗarsa. Yadda na fahimta, kafin daren nan kowannensu rabin labari yake riƙe da shi, yana juya shi shi kaɗai cikin duhu. Da aka haɗa rabi da rabi a gaban shaidu, abin ya tashi daga sirrin mutum biyu ya zama tarihin gari, wanda kowa ke da alhakin ɗauka. 'Yan Saliyo suna da karin magana da suke yawan jawowa a irin wannan wuri, wai babu mugun dajin da ake jefar da mugun ɗa.

Na tambaye ta ko ta sami sauƙi bayan nan. Ta ɗan yi shiru tana kaɗa farantin. Ta ce gaskiya barci ya ƙaurace mata, har aka yi girbi aka gama. Abin da ta binne ya taso sabo fil, ta rufe ido ta ga dajin. Gari ya yi sanyi, ita kuwa tana ƙuna.

Maganarta ta yi daidai da wani bincike da mujallar Science ta buga a 2016. Masana uku, Jacobus Cilliers da Oeindrila Dube da Bilal Siddiqi, sun bi ƙauyuka 200 na Saliyo, wasu an yi zaman bakin wuta a cikinsu wasu ba a yi ba, suka yi wa mutum 2,383 tambayoyi. Inda aka yi zaman, sun tarar yafiya ta ƙaru, an fi yarda da tsofaffin mayaƙa, an fi shiga ƙungiyoyi da aikin gayya. Amma a ƙauyukan nan dai, ciwon damuwa da fargaba da firgitar tuna abin da ya wuce su ma sun ƙaru, kuma har bayan wata 31 ana ganin alamar abubuwan biyu. Masu tallar cewa ba da labari magani ne ba su cika son ambaton wannan ɓangare na biyu ba. Ni a ganina shi ya fi cancanta a ambata. Miki ne aka buɗe a dare ɗaya, kuma buɗe miki ba shi ne ɗinke shi ba. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya maimaita labarin abin da ya same shi, a hankali suke yi, zama bayan zama, har zafin ya ragu. Dare ɗaya a gaban ɗaruruwan mutane wani abu ne dabam. Gari ya ci riba, wanda ya buɗe baki shi ya biya. Na tuna direbana, na ga shirunsa ma yana da hujja.

To me ya fitar da ita? Ta nuna wasu mata da ke shanya shinkafa a kan tabarmi can gefe. Bayan bikin, matan garin sun haɗa ƙungiya irin wadda ake kira iyayen zaman lafiya, suka nemi fili suka yi gonar haɗin gwiwa. A gonar nan, ana cire ciyawa kafaɗa da kafaɗa, sai wata ta ce ita ma ga abin da aka yi mata, abin da ba ta iya faɗa a gaban maza ba. Wata ta karɓa. Ba a yi shela ba, ba a hura wuta ba. Ta ce ta ba da labarin mijinta a gonar nan ba ta san iyaka ba, wani lokaci da kuka, daga baya har da dariya, domin mutum ne mai rowar taba da son gardama. Ranar da ta ji kanta tana ba da labarin rowarsa, ba na mutuwarsa ba, a ranar ta san ta fara dawowa. Yaron nan kuwa, shi ke sare mata gona duk shekara kafin shuka. Ba sa doguwar hira. Yakan gaishe ta da "Mama", ta amsa.

Mangwaron da muke zaune a ƙarƙashinsa ashe shi ne bishiyar sulhun garin, wadda aka keɓe bayan bikin don a riƙa kawo ƙananan rigingimu kafin su girma: akuya ta shiga gona, bashi, iyakar fili. Ina jiran ɗan acaban da zai mayar da ni Pendembu, malamin ya ce ba a gama da bishiyar ba. A watan Mayun 2014 cutar Ebola ta shigo Saliyo ta wannan gunduma ta Kailahun, kuma kafin a shelanta ƙarewarta a Nuwamban 2015 ta kashe kusan mutum 4,000 a ƙasar. Ta bar nata ƙullin. Akwai gidan da har yau ba sa gaisawa da maƙwabcinsu, don shi ya kira 117, lambar kai rahoton masu cutar, aka zo da mota aka ɗauki 'yarsu, ba su sake ganinta ba, ba su san kabarinta ba. Shi kuma yana cewa da bai kira ba da gidan duka ya ƙare. Dattawa sun yi ta kai da komo a tsakaninsu. Uban yarinyar ya ce zai zo gindin mangwaro ya faɗi nasa, amma ba yanzu ba. Malamin ya ce ba wanda ya matsa masa.