Gawayi da sanyin Kanada

A Disambar 2013, ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti, ruwan ƙanƙara ya tsittsinke wayoyin lantarki a Toronto. Gidaje da shaguna kusan 300,000 suka shiga duhu, wasu har fiye da mako. 'Yan'uwa da suka sauka bana, ku riƙe wannan kafin hutun ƙarshen shekara.

Abin da ya fi ba mu tsoro game da mutanenmu shi ne gawayi. A gida in hunturu ya kama, a hura kasko a ɗaki, kuma ko a can ɗin yana kisa. Gidajen Kanada kuwa a toshe suke ruf don kada ɗumi ya fita, iska ba ta da hanyar zagawa. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari balle launi. Mutum sai ya ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, barci ya fara fizgarsa. In kun ga mutanen gida duk sun kama wannan lokaci guda, ku fita waje tukuna, sannan ku kira lambar gaggawa, 911. Murhun gasa nama da janareta wurinsu waje ne, janareta kuma ya yi nisan mita 6 daga tagogi. Gareji ba waje ba ne, ko da ƙofarsa a buɗe. Dokar Ontario, lardin da Toronto take ciki, ta wajabta ƙararrawar da ke gano wannan iska kusa da ɗakunan kwana in gidan na aiki da gas. Ku danna maɓallinta yau ku ji ta yi ƙara.

Ku tanadi abin kwana 3: ruwan sha lita 2 ga kowane mutum kullum, tocila da batura, barguna, dabino, gyaɗa, kifin gwangwani. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya karɓo da wuri, domin ranar 25 ga Disamba yawancin shaguna a rufe suke.

In dusar ƙanƙara ta tsare ku a mota, ku zauna ciki. Ku share bakin salansa, don in ya toshe hayaƙin zai dawo cikin motar, sannan ku riƙa tayar da injin minti 10 a kowace awa.

Masu tafiya gida hutu, kada ku kashe hita don tsimin kuɗi. Ruwan bututu zai daskare ya fasa shi cikin bango. Ku rage ta kawai, ku rufe babban famfon gidan, ku bar wa wani makulli ya riƙa leƙawa.