Mu 'Yan Damagaram a Abuja da Injin Tattaki

Ɗan Damagaram bai san ana sayen tafiya da kuɗi ba sai ya zo Abuja. A gida daga Birni zuwa kasuwar Dole da ƙafa ake zuwa, ana tafe ana gaisawa. Nan kuwa titi ne mai faɗi, motoci na gudu, ga nisa, daga Kubwa ko Lugbe babu inda ƙafa za ta kai mutum. Daga ɗaki sai mota, daga mota sai shago. Ba a jimawa tumbi ya fito, likita ya ce a riƙa tattakin minti 30, kwana 5 a mako. Sai a fara cigiyar injin tattaki, wanda ake tafiya a kansa a wuri ɗaya, ana ɓoyewa kar 'yan uwa su ji.

Iri biyu ne. Maras lantarki ƙafarka ce ke tura bel ɗinsa, wato shimfiɗar da ake takawa. Yana da araha, ana naɗe shi a jingine bayan ƙofa, ba ruwansa da ɗauke wuta. Amma mai arahar bel ɗinsa gajere ne, a karkace yake kamar hawan tudu, kuma ba ya tafiya sai ka riƙe ƙarfen gefe ka dunƙufa kana turawa. Minti goma ƙwauri da ƙugu sun fara ƙorafi. Mai ciwon gwiwa ko mai jiki ya haƙura da shi. Yawancinsu a ƙarshe shanya suke komawa.

Mai lantarki shi ke jan bel, kai bi kawai za ka yi, kilomita 4 zuwa 5 a awa. Don tattaki, moto, wato abin da ke jan bel, mai ƙarfin doki 2 ya wadatar. A auna bel, faɗinsa kar ya gaza santimita 40, tsawonsa wajen 120, a kuma duba nauyin da aka rubuta yana ɗauka, ya ɗara naka sosai. Matsalar duk a wuta take. Mu da wutarmu ta gida ma daga Najeriya ake jawo ta, mun zaci a nan ba za a sha wahalarta ba. Idan aka ɗauke kana kai, bel tsayawa yake yi kai kuma jikinka na gaba, don haka hannu ya zauna kusa da ƙarfe. Igiya mai maganaɗisu da ke zuwa da injin a maƙala ta a riga kullum, ita ke kashe injin in ka zame. Dawowar wuta da ƙarfi ita ke ƙona bod ɗin da ke sarrafa moto, saboda haka sitabilaiza dole ce, ta 2000VA zuwa sama, kuma in an gama a zare daga soket. Ƙaramin janaretan nan na kwan fitila da fanka ba zai ja shi ba. Wanda zai sayi na gwanjo ya leƙa takardar da ke manne kusa da waya: in an rubuta 110 ko 120V, na Amurka ne, wutar nan 230 ce, in ba taransifoma zai ƙone nan take.

Ƙurar hunturu kuma ba ta raga masa. A rufe shi da zani, a share ƙarƙashi, duk wata uku a ɗaga bel a zuba man silikon, ban da baƙin mai. In bel ya zame hagu, a ɗaure kusar baya ta hagu kwatan juyi ɗaya da alanki, a bar shi ya yi tafiya a gani.

Ni dai in wutar unguwa tana zama, mai lantarki nake ba da shawara. In ba ta zama, gara takalmi mai kyau da zagayen unguwa bayan asuba.

Abin da ke da wuya shi ne bayani a waya. Inna ta tambaya me aka saya, ka ce injin tafiya, ta ce zuwa ina? Ka ce nan cikin ɗaki. Sai ta yi shiru, ta ce to Allah ya sawwaƙe, sannan ta tuna maka kuɗin makarantar ƙannenka da rufin ɗakin da ke yoyo tun bara. Baba kuwa har yau da ƙafa yake zuwa Juma'a, ya ƙi a saya masa ko keke.