Kwana uku a gindin rumbun ƙarfe

Tun jirgi bai sauka a Des Moines ba na fara hango su ta taga, wasu manyan gwangwanaye masu ƙyalli da hular mazurari, biyu nan, biyar can, a kusurwar kowace gona: rumbunan ƙarfe na ajiye masara ke nan. Ƙarshen watan Oktoba ne, kaka ta yi nisa a jihar Iowa, wadda babu jihar da ta kai ta noman masara a duk Amurka. Abokina da ke karatun aikin gona a jami'ar jihar da ke Ames ya tarbe ni da rigar sanyi a hannu, ya ce, "Malam, saka wannan tukuna, gaisuwa ta biyo baya." Muka ɗauki babbar hanya mai lamba 35 muka yi arewa, tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka, manyan motoci shaƙe da tsaba suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya.

Washegari ya kai ni gonar wani dattijo inda yake ɗibar samfur don bincikensa. A hanya na lura wasu rumbunan sababbi fil ne a tsakiyar tsofaffi. Ya ce guguwar ranar 10 ga Agustan 2020 ce ta murɗe na da kamar takarda, aka sake kafa wasu.

Abin da ya fara tarbarmu a gidan dattijon shi ne ƙara. Wata fanka ce da ta kai tayar tarakta girma, an maƙala ta a gindin rumbu, tana ruri ba ƙaƙƙautawa. Kwana tara ke nan ba a kashe ta ba, dare da rana. Dattijon ya ɗebo masara ya zuba a wata 'yar na'ura, allonta ya nuna 20. Kashi 20 cikin 100 na nauyin tsabar ruwa ne ke nan. Ni da na tauna ƙwara ɗaya na ji ta ƙwarai a haƙori, da an tambaye ni sai in rantse ta bushe. Amma 'yan kasuwa ba sa karɓar abin da ya haura 15 sai sun zaftare kuɗi, wanda kuma zai ajiye ta har ta shekara sai ya sauko da ita wajen 13. Daga 20 zuwa 15, kowane tan ɗaya sai ya fitar da ruwa kusan kilo 59. Ka lissafa wannan a rumbun da ke ɗauke da ɗaruruwan tan, ka ga tafki ne guda ake so iska ta kwashe.

Ya zagaya da ni ya nuna min yadda abin yake. Daɓen rumbun faranti ne na ƙarfe mai ƙananan huji kamar rariya, an ɗaga shi sama da ƙasa kaɗan. Fanka tana tura iska ƙarƙashinsa, iskar ta kutsa ta tsakanin ƙwayoyi ta hau sama ta fita ta kafofin rufi. Masarar ba ta bushewa gaba ɗaya. Ta ƙasa ce ke fara bushewa, sai iskar ta ƙoshi da laima ta wuce ta sama ba tare da ta amfana mata komai ba. A hankali wannan iyaka ta tsakanin busasshe da ɗanye take rarrafawa sama, sati huɗu, biyar, wani lokaci shida. Duk dabarar ita ce iyakar ta kai ƙoli kafin fumfuna ta kama ta saman.

Tsakanin fankar da rumbun akwai wani ɗan murhu na iskar gas, a kashe. Nan ne na yi tambayar da na tabbata duk baƙo yana yi: me zai hana a kunna shi a buɗe wuta sosai a gama a kwana uku? Dattijon ya dubi abokina, abokina ya dubi ƙasa yana murmushi, alamar an sha jin wannan.

Amsar ta ɗauke mu kusan awa guda, muna tsaye cikin sanyi. Zafi, in ji shi, yana ƙara wa iska ƙishirwa ne. In ka ɗumama ta da digiri 11 na ma'aunin Selsiyas, laimarta takan ragu da kusan rabi. To amma irin wannan iska mai ƙishirwa da ta ƙasa take fara cin karo, sai ta tsotse ta fiye da kima, ta sauke ruwanta zuwa kashi 11 ko ƙasa da haka, kai kuma da nauyi za ka sayar, ka ga ka ƙona gas ka kuma rage wa kanka kilo. Ta sama kuwa tana nan da ruwanta, sai dai yanzu iska mai ɗumi da laima ce ke ratsa ta, abin da fumfuna ke nema ke nan ruwa a jallo. Duk ƙarin digiri 5 zuwa 6 a jikin ɗanyar masara yana raba kwanakin da za ta jure biyu. Saurin bushewa yana wajen yawan iska, kimanin kubik mita ɗaya a minti ga kowane tan, kuma shi ya sa ba ya yarda zurfin masarar ya wuce mita 6 da wani abu, don in ta yi zurfi fankar sai ta yi ta nishi iska ba ta ratsawa. Ita kanta fankar tana ɗumama iskar da wajen digiri 2 saboda juyawarta, kuma a yawancin ranaku wannan ya wadatar.

Na yi shiru. Ni dai a raina wuta ita ce uwar bushewa, ga shi an mayar da ita 'yar rakiya.

A gidan muka kwana, in dai za a kira wannan kwana, don rurin fankar ya bi ni har cikin bargo. Da asuba hazo ya rufe ko'ina, ga yayyafi. A ranar na ga amfanin murhun. Iskar waje ta riga ta ƙoshi da ruwa, in aka tura ta haka ba abin da za ta ɗauka, wataƙila ma ta mayar wa ta ƙasa laima. Dattijon ya kunna wutar ƙasa-ƙasa, ƙarin digiri 3 zuwa 5 kawai, har in ka tara hannu da ƙyar za ka ji bambanci. Akwai wata na'ura mai auna laimar iska da ke kashe wutar da kanta in gari ya washe. Fankar kuwa bai taɓa ta ba. Ya ce in masara tana da ruwa haka, ko ruwan sama ake yi ba a kashe fanka, don tsayawar iska ta fi jiƙar iska haɗari.

Ya kuma kawo zancen kakar 2019, da aka yi shuka a makare, masara ta shigo da ruwa, sanyi ya sauko da wuri, gas ya yi ƙaranci har motoci suka riƙa bin layi a wuraren ɗauka. Masu manyan injunan busarwa na zafi sosai, waɗanda ke gama aiki cikin awoyi, su suka fi ji a jikinsu. Bai kushe injunan ba. Ya ce in masara ta haura 21 ko 22, rumbu shi kaɗai ba zai iya ba, dole a bi ta can. Sai dai zafi mai yawa yana tsattsaga ƙwaya, ta riƙa karyewa wajen lodi.

Karyayyar tsabar ma da nata labarin. In ana zuba masara daga sama, tsaki da ƙaiƙayi a tsakiya suke taruwa su toshe hanya, iska kuma, kamar ruwa, inda ya fi sauƙi take bi. Sai gefe ya bushe, tsakiya ta ɗumame ta ruɓe. Maganinsa shi ne ya zare 'yan lodi ta ƙasa bayan cika rumbu don a fitar da wannan cibiya, sannan ya baje saman ya daidaita.

Rana ta uku muka hau tsanin wani rumbun da ya riga ya bushe. Shi ma ana hura masa iska, amma 'yar kaɗan, kashi ɗaya cikin goma na wancan, don sanyaya shi ake yi zuwa tsakanin digiri 0 da 5. Na tambayi dalili, tunda ya bushe. Abokina ya ce in aka bar tsakiyar da ɗumi hunturu ya shigo, iskar da ke jikin bango takan yi sanyi ta gangara, ta tsakiya ta hau da laima, ta tarar da masarar sama mai sanyi ta zama raɓa a kanta. Kafin bazara sai ka samu ɓawo ya dunƙule a saman, alhali da busasshiyar masara aka cika shi. Sanyin kuma yana kwantar da ƙwari. Dattijon shi hancinsa ne na'urarsa ta farko: yana buɗe ƙofar rufi sai ya tsaya ya shaƙi iskar da ke fitowa, in ya ji tsami ko warin gumi ya san akwai magana.

Na leƙa ciki, masara shimfiɗe lumui kamar rairayi, na ɗaga ƙafa zan taka. Ban san lokacin da dattijon ya damƙo wuyan rigata ba. Ya ce ɓawon nan kan zama gada a kan rami, kuma in injin zarewa yana aiki a ƙasa, masara kan haɗiye mutum cikin daƙiƙoƙi, ko ƙato ne ba ya iya zare kansa in ta wuce gwiwa. Babu mai shiga sai an kashe wutar lantarkin injin an sa kwaɗo, da igiya a ƙugu, da mutum tsaye a waje. Na sauko tsanin ƙafafuna suna rawa, na ce wa abokina sanyi ne.

Kafin mu tafi dattijon ya sake hawa rumbun farko ya ɗebo samfur daga sama. Na'ura ta nuna 19 da ɗigo. Ya rubuta a jikin ƙofar da alli, ƙarƙashin lambobin kwanakin baya, ya ce saura sati uku in gari ya yi kyau. Mun yi nisa a kan hanyar Des Moines, na rufe gilashin mota, amma kunnena bai daina jin fankar ba.