Idan Aka Tura Maigida Ofishin Jakadanci: Abin da Iyali Za Su Tarar

A ƙauyukan Ringim, Gumel ko Bichi, da zarar an ji cewa ɗan gari zai tafi aikin jakadanci sai a ɗauka ya zama jakada ke nan. Ba haka abin yake ba. Ma'aikacin Ma'aikatar Harkokin Waje yana farawa ne daga sakatare na uku, ya hau na biyu, na ɗaya, mashawarci, minista (muƙamin ofishin jakadanci, ba ministan gwamnati ba), kafin ya kai kujerar jakada, in ya kai kafin shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa. Wasu kuma daga siyasa ake ɗauko su, kamar Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule da ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1981. Ko wane iri ne, sai Majalisar Dattawa ta tantance shi, sai ƙasar da za a kai shi ta amince da sunansa (tana iya ƙi ba tare da faɗin dalili ba), sannan ya miƙa wa shugabanta takardar wakilci.

Wahalar iyali tun a gida take farawa, a kan takardu. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida da waliyyai da goro, aure ne cikakke, amma ofishin da ke ba da biza takarda yake nema. A je kotun shari'a ko ƙaramar hukuma a karɓo shaidar aure tun da wuri. Kowane yaro yana buƙatar takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da lambar NIN. Abin da ya fi tsayar da tafiya shi ne saɓanin suna: Muhammadu a takardar haihuwa, Mohammed a fasfo, sunan gari a shaidar makaranta. Harafi ɗaya yana iya cin makonni.

Sai maganar da ba a son taɓawa. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar jakadanci tsakanin ƙasashe ta ba iyalin da ke zaune a gidan jami'i kariya irin tasa, amma ƙasar da aka sauka ce ke yanke wa wanene iyali. Ƙasashen Turai da yawa mace ɗaya suke yi wa rajista. Mai mata biyu ya zauna da su a yi maganar a fili kafin a ɗaure kaya. Ɗan riƙo ma, in ba hukuncin kotu a hannu, ba a lissafa shi.

A can, watannin farko na neman gida ne da makaranta da katin shaida daga ma'aikatar harkokin wajen ƙasar. Kayan gida na shiga ba haraji, amma kada uwargida ta cusa kilishi ko man shanu cikin akwati in Tarayyar Turai za a je: an hana shigar da nama da kayan madara, kuma jan fasfo, wato fasfon diflomasiyya, bai hana a buɗe jaka in ana zargin akwai irin wannan. Kuka, kuɓewa busasshiya da daddawa sun fi sauƙi, su ma a tambaya tukuna.

Uwargida da ta saba saida atamfa ko turare daga ɗaki ta sani cewa aiki ko sana'a sai in akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, shi kuwa maigida an hana shi kasuwancin kansa a can gaba ɗaya. Wanda aka haifa a Amurka alhali uban na da cikakkiyar kariyar diflomasiyya ba ya zama ɗan ƙasar.

'Yan'uwa a gida kuma su rage ɗora masa neman biza. Ofishin Najeriya baƙi yake ba bizar shiga Najeriya. Ta waccan ƙasar ba a hannunsa take ba. Zaman ma na shekara uku ne ko huɗu, kuma ana iya katse shi, kamar yadda aka kira jakadu gida a Satumbar 2023. Saboda haka a riƙa yi wa yara Hausa a gida kullum, a kuma adana sakamakon jarrabawarsu na kowane zango, don makarantar da za ta karɓe su a Kano ko Dutse sai ta nema.