Tarihin Rayuwata a Aikin Sadarwa, Kashi na 9: Koya wa Rauta Neman Hanya da Kanta

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a kan hanyoyin da ake rubuta wa rauta da hannu, wato na'urar da ke zaɓa wa saƙo hanya tsakanin cibiyoyin sadarwa. Wannan dabarar tana yi muddin ofishi ɗaya ne, layi ɗaya. Amma da zarar an buɗe reshe na biyu, aka jawo layin ko-ta-kwana, aiki ya sauya. In layi ya mutu can gaba, rautar ba ta da labari, sai ta yi ta tura saƙo inda babu mai karɓa.

Maganin shi ne a sa rautoci su riƙa gaya wa juna hanyoyi da kansu, ta wata ƙa'ida (furotokol) irin su RIP ko OSPF. RIP ce mafi sauƙi, sai dai ba ta wuce tsalle 15 daga rauta zuwa rauta, kuma duk daƙiƙa 30 take sanar da maƙwabta. Ni dai OSPF nake zaɓa, ko da rauta biyu ce kawai.

A rautar Cisco, ka buga router ospf 1, ka ba ta lamba da router-id 1.1.1.1, sannan network 192.168.10.0 0.0.0.255 area 0. Lura, mas ɗin nan, wato 0.0.0.255 mai nuna iyakar adireshin, a juye yake. Haka za ka yi wa layin da ya haɗa rautocin biyu, a kowane ɓangare. Ƙofar da kwamfutocin ma'aikata suke, sa mata passive-interface, don kada wata na'ura ta shigo da sunan maƙwabciya. Rautar da ke riƙe da intanet kuwa, ƙara mata default-information originate.

Yanzu buga show ip ospf neighbor. Kalmar da kake nema ita ce FULL, alamar rautocin sun gama musayar bayanai.

Nan ne ake shan wuya, ɗan'uwa. Rautocin suna gaisawa duk daƙiƙa 10, in aka yi 40 shiru sai a ɗauka maƙwabciya ta mutu. In waɗannan lambobin, ko lambar yanki (area), ko mas, suka saɓa, ko kallon juna ba za su yi ba. In ka ga sun maƙale a EXSTART, duba MTU, wato iyakar girman ƙunshin saƙo: wata na kan 1500, ɗayar ƙasa da haka. In babu komai sam, mai yiwuwa katangar tsaro (firewall) ce ta tare furotokol 89 ko adireshin 224.0.0.5. Kada kuma rauta biyu su haɗa router-id ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsofaffin hanyoyin hannu da ake mantawa. Cisco na ba su maki 1, OSPF 110, ƙaramin maki kuwa shi ke cin gaba. Goge su, sannan ka zare kebul ɗin babban layi da hannunka, ka bar ping, saƙon gwaji, na gudu, ka ga saƙo ya koma ta layin ko-ta-kwana.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu sa wa gaisuwar kalmar sirri.